Wanda ya sayi mota ɗaya tak a duniya, amana ya saya

A watan Fabrairun 2021 kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sayar da wata mota a gwanjonsa na Paris a kan Yuro 1,113,125. Sunanta Isdera Commendatore 112i. Ba ta da yaya, ba ta da ƙanwa. Guda ɗaya aka ƙera, aka nuna ta a bikin baje kolin motoci na Frankfurt a 1993, daga ita kuma ba a sake ba. Yawan kuɗin bai ɗaga mini hankali ba, don a kasuwar tsofaffin motoci akwai waɗanda suka ninka haka sau goma har da ɗori. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wanda ya biya kuɗin nan me ya saya? Doka ta ce mota ya saya, kamar kowace mota, ya ga dama ya sauya mata fenti, ya ga dama ya yanke rufinta, ya ga dama ya kulle ta a ɗaki har ta ruɓe. Ni ban yarda maganar ta ƙare a nan ba. Ina ganin duk wanda irin wannan mota ta shiga hannunsa, riƙo aka ba shi, kuma akwai haƙƙi biyu a wuyansa: ya bar ta yadda maƙerinta ya bar ta, sannan ya bari mutane su gan ta tana tafiya.

Sai an san wanda ya ƙera ta kafin a gane dalilina. Eberhard Schulz Bajamushe ne, an haife shi a 1940. A ƙarshen shekarun 1960 ya zauna ya ƙera wa kansa motar gudu da hannunsa, ya sa mata suna Erator GTE. Ba shi da takardar kammala karatun injiniya da zai miƙa wa masu ɗaukar aiki, don haka ya tuƙa motar ya kai ta kamfanin Porsche, ita ce ta zama masa takardar neman aiki. Gani ya kori ji. Suka ɗauke shi. Bayan wasu shekaru ya haɗa kai da wani ƙaramin kamfani a Frankfurt mai suna b+b, suka fitar da wata mota, CW311, a 1978. Tambarin Mercedes ne a goshinta alhali ba Mercedes ne ya ƙera ta ba, amma aikin ya yi kyan da kamfanin bai tayar da rigima ba. A 1982 Schulz ya kafa nasa kamfanin, Isdera, a Leonberg kusa da Stuttgart. Motarsa da ta fi karɓuwa ita ce Imperator 108i, wadda ya yi kusan shekara goma yana ƙerawa da hannu, duka-duka guda talatin ko kusa da haka, wato abin da babbar masana'anta ke fitarwa a ƙasa da awa ɗaya.

Commendatore ita ce burinsa mafi girma, ya kuma raɗa mata sunan ne don girmama Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin motocin Ferrari, da ake kira da wannan laƙabi a Italiya. Wanda ya tsaya kusa da ita, abu na farko da zai lura shi ne babu madubin gefe, hagu ko dama. Madubin yana saman rufi, a kan ɗan sanda, direba ya ɗaga ido ya gan shi ta wata 'yar tagar gilashi da aka buɗe a rufin. Ƙofofin ba a jawo su gefe, sama suke ɗagawa, haka ma murafe biyu da ke kan injin. Injin ɗin kuwa yana bayan direba, na Mercedes ne mai silinda 12, lita 6, ƙarfin doki 408. Da yake Mercedes ba shi da giyar hannu da ta dace da wannan injin, sai Schulz ya ɗauko ta Porsche aka gyara ta ta zama mai giya shida. Fitilun gaba na Porsche 968 ne, ƙafafun kuma an gina su a kan na Porsche 928. Bodin faiba ne, an ɗora shi a kan firam na siraran bututun ƙarfe da aka yi wa walda. Idan motar ta ɗauki gudu sai ta duƙa da kanta, ta matso ƙasa da kimanin inci uku don iska ta rage shiga ƙarƙashinta. An ƙiyasta gudunta zai kai kilomita 340 a awa. Niyyar Schulz ita ce ya kai ta tseren awa 24 na Le Mans a Faransa.

Bai kai ta ba. Mafi yawan kuɗin da ke riƙe da Isdera daga Japan yake zuwa, a farkon shekarun 1990 kuwa tattalin arzikin Japan ya faɗa cikin mawuyacin hali, famfon ya ƙafe. Kamfanin ya durƙushe, motar ta zama marainiya. Daga baya wasu masu zuba jari na Suwizalan suka shigo da kuɗinsu, a 1999 aka sake fito da ita a Frankfurt, amma da wata fuska daban. An cire madubin rufi, an maƙala mata na gefe irin na kowa. An cire rim ɗinta na tsere, ƙirar BBS, an sa wasu. Sunan ma an sauya, ta koma Silver Arrow C112i, laƙabin da duniya ta sani na motocin tseren Mercedes ne. A haka ta zauna shekara da shekaru, sai a 2016 kamfanin Isdera, wanda ya farfaɗo daga baya, ya sake sayen ta, ya mayar mata da madubinta da rim ɗinta da fentinta na asali, kafin a kai ta gwanjo.

Wannan madubin nake so a tsaya a kansa, don shi ne ya fi nuna abin da ake asara. Ba ado ba ne. Madubin gefe yana tare iska, kuma a mota mai faɗin baya irin wannan, wadda injin ya cika wurin da ya kamata a ce gilashin baya yana nan, abin da yake nuna wa direba kaɗan ne. Schulz ya yi tunani a kan matsalar ya fito da amsar kansa, ya sa ta a CW311, ya sa ta a Imperator, ya kawo ta Commendatore. Mai yiwuwa amsar ba ita ce mafi kyau ba, tun da sauran maƙera ba su bi shi a kai ba. To amma amsarsa ce, kuma ɗalibin zanen mota da zai zo bayan shekara hamsin yana da haƙƙin ya ga yadda wani ya gwada wata hanya, ya zauna a kujerar ya ɗaga ido, ya yanke hukunci da kansa ko ta yi ko ba ta yi ba. Ranar da aka cire madubin, an goge wannan tunani daga wuri ɗaya tilo da aka rubuta shi a jikin wannan mota. Da Corolla ce aka yi wa haka babu wanda zai ce uffan, don akwai miliyoyinta a titunan duniya, kowace ɗaya shaida ce ga sauran. Ita wannan babu wadda za ta ba da shaida a madadinta.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai ƙarfi: mai abu da abinsa. Mutum ya cire kuɗinsa na halal ya sayi kaya, wane ne ni da zan tsara masa yadda zai yi da su? Ban musa ba cewa mallakarsa ce, ba na kuma neman a ƙwace. Amma mu ma a nan mun san bambanci tsakanin abin da doka ta bar wa mutum da abin da ya dace ya yi. Wanda ya gaji littafin da wani malami ya rubuta da hannunsa, kwafi ɗaya tak, babu alƙalin da zai ɗaure shi idan ya kankare wasu layuka ya rubuta nasa, ko ya cire sunan malamin ya sa na wani da ya fi shahara don littafin ya yi tsada. Sai dai duk wanda ya ji zai ce ya ci amana, kuma gaskiya ya faɗa, domin takardar ce aka bar masa gado, ilimin da ke ciki na duk masu neman sa ne. Abin da aka yi wa Commendatore a 1999 ke nan, har da aron sunan da ya fi nata kasuwa.

Wani kuma zai ce ai motar kanta haɗe-haɗe ce, injin Mercedes, fitilar Porsche, to mene ne na Schulz a ciki da har za a ce kada a taɓa? Wanda ya faɗi haka bai san yadda ƙaramin maƙeri ke aiki ba. Babu kamfanin mutum goma da zai iya ƙera injin mai silinda 12 daga tushe, ko ya biya kuɗin gwajin sabuwar fitila har hukuma ta amince da ita. Fasaharsa tana cikin zaɓi da haɗawa: wane injin, a wane wuri, da wace giya, nauyi nawa a gaba nawa a baya, wace siffa za a lulluɓa a kai don iska ta wuce salin-alin. Shekaru ya kwashe yana daidaita waɗannan. Tun da kuwa fasahar a haɗin take, to sauya ɓangare ɗaya taɓa fasahar ce kai tsaye.

Akwai abin da zan ba masu zuba jarin nan gaskiyarsu a kai. Ba don kuɗinsu ba, watakila motar ta ƙare a hannun masu bin bashi, a wargaza ta a sayar da injin daban, ƙafafu daban. Kuma mota abar hawa ce, dole taya ya tsufa, roba ta tsage, birki ya ci, a sauya. Wani lokaci ma hukumar rajista ce ke tilasta a ƙara wani abu kafin a ba da lamba. Ba na cewa a mayar da ita gunki. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta fitar da wata yarjejeniya da ake kira ta Turin, wadda ta fara aiki a 2013, kuma abin da ta shimfiɗa mai sauƙin fahimta ne: a taɓa kaɗan gwargwadon larura, a rubuta duk abin da aka taɓa, a yi shi ta yadda za a iya mayarwa. Wanda larura ta sa ya ƙara madubin gefe, ya ƙara, amma ya bar na rufin a wurinsa, ko aƙalla ya nannaɗe shi ya ajiye tare da takardun motar. Sauya suna kuwa babu larurar da ta kawo shi. Commendatore ta yi sa'a, kamfanin da ya haife ta yana nan a 2016, da zane-zanensa da mutanen da suka san ta. Yawancin ƙananan kamfanonin nan tare da masu su suke mutuwa, in aka ɓata aikinsu babu mai gyarawa.

Ɓarna ta biyu ta fi ta farko yawa a yau, kuma ta fi ta wuyar gani, don ba ta barin tabo a jikin mota. Ita ce ɓoyewa. Lokacin da aka kai Commendatore gwanjo, abin da ta yi a duniya bai kai kilomita 10,500 ba, cikin kusan shekara 28. Masu gwanjo suna faɗin irin wannan adadi da alfahari, don ƙarancin tafiya ƙarin kuɗi ne. Ni baƙin ciki yake sa ni. Motar da aka yi wa ƙafafu masu duƙawa idan ta ɗauki gudu, aka kai ta ramin gwajin iska na Mercedes aka auna yadda take ratsa iska, rabin fasaharta ba ya bayyana sai tana tafiya. Mutane da yawa da suka san sunanta a wasan kwamfuta na Need for Speed II, wanda ya fito a 1997, suka san shi. A allo suka tuƙa ta, amma kunnensu bai taɓa jin kukan injinta na gaskiya ba.

Wani labari daga Amurka ya nuna iyakar inda ɓoyewa ke kaiwa, ya kuma nuna mafita. A 1964 ƙaramin kamfanin Carroll Shelby da ke Venice a jihar Kalifoniya ya ƙera samfurin farko na Cobra Daytona Coupe, wanda wani matashi mai suna Peter Brock ya zana. Lambarta CSX2287. Ita kaɗai aka gama a Amurka, sauran biyar da suka biyo baya a Modena ta Italiya aka yi musu bodi. Wannan jerin motoci ne ya ci wa Shelby gasar duniya ta motocin gudu na ajin da ake kira GT a 1965, ita kuma ta farkon ta kafa tarihin gudu har 23 a filin gishiri na Bonneville a wannan shekara. Bayan haka aka sayar da ita da arha, ta yi ta sauya hannu, har ta faɗa hannun wata mata da ta kulle ta a ɗakin ajiya na haya kusan shekara talatin. Duk wanda ya zo neman gani ko saye sai a kore shi. Mutane da dama suka ɗauka ta salwanta. Sai bayan rasuwar matar aka buɗe ɗakin, a 2001 wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na Philadelphia, Frederick Simeone, ya saye ta. Abin da ya yi da ita shi nake so a yi koyi da shi. Bai kankare ta ya yi mata sabon fenti mai ƙyalli ba, ya bar ta da tabonta na tsere. Ya sa ta a gidan tarihin motoci da ya kafa, inda kowa zai iya shiga ya gani, kuma a wasu ranaku ana fito da motocin gidan a kunna su, a zagaya da su a filin bayan ginin, jama'a na tsaye suna kallo suna saurare. A 2014 ita ce mota ta farko da aka sa a kundin motocin tarihi na Amurka, aka auna ta, aka ɗauki hotunanta, aka ajiye bayanan a ɗakin karatu na majalisar dokokin ƙasar.

Kundin nan bai hana mai mota sayar da ita ba, bai ma hana shi sauya ta ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya tabbatar ko da gobara ta cinye ta gobe, ilimin da ke jikinta ya tsira. Jamus kuma ta bi ta hanyar kwaɗaitarwa. Tun 1997 motar da ta shekara talatin tana iya samun lamba mai harafin H a ƙarshe, a biya harajin da bai wuce kusan Yuro 192 a shekara ba, a kuma bar ta ta shiga tsakiyar biranen da aka hana masu hayaƙi shiga, da sharaɗin tana nan a kan siffarta ta asali. Irin wannan nake goyon baya, ba ƙwace ba, ba tara ba. A sa riƙon amana ya zama da riba. Zan ma ƙara da cewa kamfanonin gwanjo, da ke yankar kasonsu daga mai saye da mai sayarwa, babu abin da zai rage su idan suka ɗauki nauyin auna kowace mota irin wannan tare da kwafe takardunta kafin guduma ta sauka, su miƙa wa gidan tarihi. A ranar gwanjo ne kaɗai ake da tabbacin motar tana fili, bayan nan sai yadda mai ita ya so.

Saura tambayar da na san tana bakin mai karatu tun daga farko: ina ruwanmu da abin wasan attajiran Turai, mu da ke fama da kuɗin mai? Attajiri dai saye ya yi. Wanda ya ƙera ba attajiri ba ne, mutum ne da ya fara da walda da faiba ba tare da takardar digiri ba, ya ƙare da bashi, kuma miliyan ɗin da aka biya a Paris ta zo ne bayan shekara 28 da lokacin da yake buƙatar ta. Irinsa kuwa ba mu rasa su ba. A 1997 injiniya Ezekiel Izuogu ya nuna samfurin motarsa, Z-600, wadda ya ƙera a jihar Imo. Ba a kai ga ƙera ta da yawa ba, a 2006 kuma 'yan fashi suka shiga masana'antar suka kwashe zane-zane da kayan zubin sassan injin. Da a ce tun farko akwai wata jami'a ko gidan tarihi da ya karɓi kwafin zane-zanen nan ya ajiye, da abin da ɓarayin suka ɗauka ƙarfe ne da takarda kawai, aikin yana nan. Har yau muna ganin samari a Facebook sun fito da motar da suka haɗa a garejin unguwa, da taimakon mai walda da falanbita. A yi kwana biyu ana yaɗa bidiyon, wasu su yaba, wasu su yi dariyar ƙofar da ba ta rufuwa daidai, wani babba ya zo a ɗauki hoto. Bayan shekara ka nemi motar, an kwance injin an sa a wata, bodin yana bayan gida kaji na kwana a ciki. Erator GTE ma a farkonta aikin mutum ɗaya ce da abin da ya samu a hannu. Da an wargaza ta don a ci moriyar injinta, da babu abin da Schulz zai kai ƙofar Porsche.

Samfurin farko kusan kullum yana da aibi, kuma aibin nan shi ne darasi ga wanda zai yi na biyu. Saboda haka kwalejojin fasaha da ke da sashen kanikanci su ne ya kamata su fara neman irin waɗannan motoci na gida, su saya ko su karɓi ajiya da sunan mai su a rubuce, su auna, su zana, su bar ɗalibai su buɗe bonet su ga inda aka dace da inda aka kuskure. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na motar shugaban kwalejin ba. Shi kuma wanda Commendatore ke hannunsa yanzu, abin da ake nema a wurinsa bai taka kara ya karya ba: ya bar madubin nan a rufi, ya ba wani gidan tarihi damar auna ta da kwafe takardunta, sannan ko sau ɗaya a shekara ya kai ta filin tsere a ranar da aka buɗe wa jama'a ƙofa, ya taka ta har ta duƙa.